Abin da Maigida Ke Ji

Na banko ƙofar ɗakin raina a ɓace. Maigidana na durƙushe gaban akwatin sautinsa mai tarin wayoyi, yana murɗa maɓallai a hankali kamar mai laluben tashar rediyo. Tun da tukunyar masana'anta ta fashe kusa da shi ya bar aiki, ya koma haɗa wannan hayaniya yana kiranta kiɗa.

"Haba Baban yara! Maƙwabta sun gaji, yara sun kasa karatu!"

Bai waiwayo ba. Ya zare wata waya ya soka a wani rami, ya taka na'urar amsa-kuwwa. Gurnanin ya lafa, wata siririyar ƙara ta taso tana huda kunne har cikin haƙori.

Ya ɗago, idanunsa jawur.

"Yauwa, na same ta. Saurara, Maman yara. Abin da nake ji ke nan tun ranar."

Ban iya jurewa ba. Na fizge wayar daga soket, ɗakin ya yi tsit.

Shi kuwa kansa a karkace, yana ci gaba da saurare.

"Taki ta mutu," ya ce. "Tawa fa, ina zan zare?"