Faɗin Titi Ɗaya

Lamont yana tsaye a bakin titi lokacin da mahaifiyarsa ta faɗi a matakalar gidanta, can tsallake. Titin nan shi ne iyakar jihohin Missouri da Kansas a Amurka, gidanta yana ɓangaren Kansas. Shi kuwa sakin talala aka yi masa daga kurkuku, da na'ura a idon sawu da sharaɗin kada ya fita daga Missouri, kuma ni ne jami'in da ke sa masa ido. Mun yi watanni muna neman Kansas ta karɓe shi, ya koma gidan uwarsa. An amince, Litinin zai ƙaura.

"Mama!" ya ƙwala, ya ruga ya tsallaka titin. Na'urar ta kai ƙara. Na roƙi hukuma, aka ce doka ba ta san uwa ba. Aka mayar da shi ya ƙarasa shekarunsa.

Abin ya hana ni sukuni, na je duba tsohuwar. Na tarar da Mama Odessa a kan tsani, tana rataya labule.

"Mama, yaya ƙugun?"

"Ƙugu ƙalau, ɗan nan. Zauna ka sha kofi."

"Ba faɗuwa kika yi ba?"

"Zama dai na yi da ƙarfi." Ta sauko, ta miƙo mini hannunta da ya ɗoru a karkace. "Wannan aikin Lamont ne. Ranar da jami'in Kansas ya zo tambaya ko na yarda ya dawo gidana, Lamont yana tsallake yana kallon bakina. Me zan ce?"

"To yaya kika san zai tsallako?"

"Haba, ɗan nan. Ai yaron yana sona."