Hawan Dutse da Kawu Sada

Ranar Asabar, tara ga watan Rajab, da ƙarfe shida da rabi na safe, Mukhtaru ya fara hawan baƙin dutsen nan na arewa da Makka, wanda aka ce ya taɓa aman wuta a zamanin da. Yana riƙe da Kawu Sada a hannun dama.

Sharaɗin Kawu ɗaya ne: wanda zai auri 'yarsa Hadil sai ya kai shi ƙololuwar dutsen, ya ga wurin da idonsa. A cewarsa, ya hau shi a ƙuruciya, ba takalmi, ga azumi a bakinsa. Shaidun wannan bajinta duk sun rasu, Allah ya jiƙansu.

Hadil ta aiko wa Mukhtaru da wani ɗan ƙunshi mai nauyi, ta ce kada ya rabu da shi. Ya ɗauka tsarabar masoya ce, sai ya adana ta a mota.

Ƙonannun duwatsu suka yayyage masa takalmi. Rana ta ɗaga, hannunsa ya sage, amma bai yarda ya saki Kawu ba.

"Yalla, ya walad, ɗaga ƙafa!" in ji Kawu da Larabcinsa, wato maza, yaro. "Kuma ka daina jijjiga ni, jiri nake gani. Ni da na haura sittin, ka ji ina haki?"

"A'a, Kawu. Allah ya ƙara lafiya."

Gaskiya ne, babu ɗigon gumi a goshin dattijon, ko hularsa ba ta karkace ba. Sai dai da suka yi nisa muryarsa ta riƙa yankewa, duk da haka nasiha a kan ragwancin samarin zamani ba ta tsaya ba.

Da hantsi ƙololuwar ta bayyana, saura taku kaɗan. Mukhtaru ya rarrafa da gwiwoyi masu jini, ya miƙe a bakin ramin dutsen.

"Kawu, mun iso! Duba!"

Shiru. Ya kira, ya girgiza, ya sake kira. Kawu bai ga komai ba, don haka aka fasa sa ranar aure.

Cajin wayar da ke hannun Mukhtaru ne ya ƙare ana tsakiyar kiran bidiyo: na'urar ƙarin cajin tana cikin ƙunshin Hadil a mota, Kawu kuwa tun safe yana kishingiɗe a falonsa na unguwar Kudai a Makka, yana shan shayi a cikin sanyi.