Uwani a Ɗakin Kaɗaici

Tun da aka rushe rabin gidajen gwamnati, iyali uku ke zama a ɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakaninsu. Sai hukuma ta ware ɗakin kaɗaici a ƙasan kowane bene, kowa ya shiga sau ɗaya a wata.

Da mijin Uwani ya rasu, washegari aka matso da labule, aka ba maƙwabta gurbinsa. Ba ta yi kuka ba, don jaririnsu na barci dab da kanta. Ta haɗiye kukan har ranarta ta zo.

"Shiga, 'yata," in ji Iya Delu mai tsaron ƙofa. "Ba mai jin ki a ciki."

Uwani ta zauna a tabarma. Ba tari, ba rediyo, ba numfashin kowa. Ta jira hawaye, suka ƙi zuwa. Sai ƙirjinta ya hau bugawa, ta tashi tana dukan ƙofa.

"Iya, don Allah shigo ki zauna. Na manta yadda ake zama ni kaɗai."

Iya Delu ta sunkuyar da kai. "Doka ta hana mutum biyu, 'yata."

Uwani ta gyara mayafinta, ta koma sama da kukanta.