Shirun Turke Ɗaya

Tunda an ba ka aikin tsaro, zauna ka ji wannan. A wani kamfanin sadarwa akwai ɗakin da ake sa ido a kan turakun waya, wato dogayen ƙarafan nan masu ba da layi, na yankin gaba ɗaya. Kowane turke yana da bakinsa a cikin kwamfuta. In wutarsa ta ɗauke, ko injinsa ya yi zafi, sai ƙararrawa ta yi kuka a ɗakin, a tura masu gyara. Shugabar masu aikin rana wata mata ce, Uwani, ba ta da yawan magana. To, mutanen ɗakin nan suna da wata al'ada tun kafin zuwanta. Ranar da aka shirya gyaran wani turke, sun san dole a kashe shi, sun san zai yini yana ihu a kan abin da kowa ya sani. Sai kawai su murɗe lasifikar ɗakin baki ɗaya, su sha shayinsu cikin kwanciyar hankali. Wani lokaci ma sai washegari a tuna a kunna.

Ana tsakiyar bazara aka sa ranar canza batiran turken bakin tasha. Da safe abokin aikinta Mati ya miƙa hannu zai murɗe lasifika, Uwani ta ce ya bari. Ta zauna ta nemo turken nan shi kaɗai a kwamfuta, da ƙananan na'urorin da ke shan layi ta bayansa, ta sa musu shiru daga hantsi zuwa azahar, yadda in lokacin ya cika bakinsu zai buɗe da kansa. Sauran duk ta bar su a farke. Mati ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kina son wahala. Maɓalli ɗaya fa ya isa." Ta ce, "Malam Mati, wanda ake wa aski shi ke sunkuyar da kai, ba duk gari ba." Masu gyara suka kashe turken tasha, ɗaki ya yi tsit. Rana ta take, kwalta na narkewa a waje. Can sai ƙara ta tashi, guda ɗaya tak, kamar kukan jariri a masallaci. Ba turken tasha ba ne. Na wani ƙauye ne a bayan dutse, fankar da ke sanyaya injinsa ta tsaya, zafi yana hawa. Turken nan shi kaɗai ne ƙauyen ke da shi, da shi ungozomar asibitinsu ke kiran mota in haihuwa ta zo da gardama. In ya ƙone, sai an jira kaya daga nesa, ƙauye ya zauna babu waya har Allah ya yi. Uwani ta kira masu gyaran da ke kusa, suka hau babur. Sun tarar da akwatin injin ba ya taɓuwa don zafi, amma bai kama da wuta ba. Suka canza fanka, ƙarar ta mutu.

Da azahar ta yi, bakin turken tasha ya buɗe da kansa, bai ce komai ba, don an gama gyaransa lafiya lau. Uwani ba ta kalli Mati ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ɗauki butarta ta fita alwala, kanta a sama, tana taku irin na wadda ta san gonarta. Mutanen ƙauyen nan har yau ba su san sunanta ba, wayarsu dai ba ta yanke ba. Shi kuwa Mati, da hannunsa ya samo salatif ya liƙe maɓallin lasifikar nan don kada a sake murɗe shi.

Kai ma in za ka rufe bakin abu, san wanda ka rufe, ka san yaushe zai buɗe, ka bar kunnenka ga saura. Hausawa ba su yi ƙarya ba: in kunne ya ji, jiki ya tsira.