Filin da Sallau Ya Zana

Mai cewa kuskure kaɗan ne a bar shi ya wuce, ya zauna ya ji wannan misali. Wasu abokai bakwai suna da wani wasa da suke yi ranar Asabar da hantsi. Ɗaya daga cikinsu zai zana taswirar wata unguwa, a ɗaura jajayen ƙyallaye a wurare goma, kowane ƙyalle da harafin da za ka kwafa a takardarka. Sai a riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya, minti biyu tsakani, kowa da taswira a hannu yana gudu. Wanda ya tattara haruffan da sauri shi ne gwani. Ba a yin wasan a unguwar da wani ya sani, kuma ba a tambayar mutanen hanya. A wannan makon zanen ya faɗo kan Sallau mai gyaran waya. Maimakon ya taka unguwar da ƙafarsa, sai ya buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, ya kwafe shi tsaf. Ƙyallayen ma a kan babur ya bi bakin titi ya ɗaura su. Tsakanin na shida da na bakwai ya ga wani wuri kore shar, ya rubuta masa "fili".

Tanimu tela aka fara saki. Bayansa kuwa Ilu direba ne, taubashinsa, mutum mai jiki, wanda tun suna yara ba su taɓa gaya wa juna gaskiya ba sai da tsokana. Tanimu ya kwafi harafi na shida, ya duba takarda, ya ga in ya bi wani siririn lungu ya ratsa filin zai rage rabin tafiya. Ya faɗa lungun a guje, ido a kan takarda, kafaɗunsa na gogar katanga. Lungun na ƙarewa ƙasa ta ƙare. Tsohon kududdufi ne da magina suka haƙa, damina ta cika shi, kainuwa ta rufe shi ruf. Ya afka ciki, ruwa ya kai masa ƙirji, taɓo ya kama ƙafafunsa. Ya yunƙura ya zare ta dama, ta hagu ta ƙara nutsewa. Ya kamo kainuwa, ta biyo hannunsa kamar tsumma. Gaɓar ta fi shi tsawo, ga santsi, bayan gidaje ne ko taga babu. Ya ji sanyin ruwan ya hau wuyansa, ya gane duk motsin da ya yi ƙasa yake tafiya, sai ya tsaya cak.

A nan ya tuna Ilu. Minti biyu ne tsakaninsu, takardarsu iri ɗaya, kuma Ilu ko a ƙorama bai taɓa shiga ruwa ba. In ya faɗo, a kansa zai faɗo, su tafi tare. Bai gama tunanin ba ya ji takun gudu a lungun, mai nauyi, yana matsowa.

"Ilu, tsaya. Ruwa ne a gabanka, tsaya."

"Ƙaryarka, bawana," in ji Ilu yana haki yana dariya. "Ka gaji ka ɓuya, kana so in tsaya ka huta. Yau sai ka ɗauki takalmina."

Takun bai ragu ba. Tanimu ya rasa kalmar da taubashinsa zai yarda da ita, domin duk rantsuwar da ya sani sun riga sun ɓata ta da wasa. Ruwa na taɓa haɓarsa. Sai ya ɗaga kai ya yi kalmar shahada da iyakar muryarsa, irin ta wanda ya ga ajali. Wannan ba a wasa da ita. Ilu ya dafe katanga da hannu biyu, ya ja birki, ƙasar bakin gaɓa ta zubo a fuskar Tanimu. Ya leƙo ya gan shi. Ya juya da gudu ya shiga gidan farko ba sallama, ya fito da tsani da magidanta biyu. Sai da suka yi ta ja kafin taɓon ya saki Tanimu, ba takalmi.

Da aka taru, me Sallau ya ce? Ya zaro waya yana nuna wa mutane, wai su duba da kansu, a hoto ko filin ƙwallo bai fi shi kyau ba. Har wani ya ce a bar maganar tunda Allah ya kiyaye. Allah ya kiyaye, gaskiya ne, amma Sallau bai kiyaye ba. Wanda ya rubuta "fili" ya miƙa wa abokansa, ya ce musu ke nan ku taka da gudu, na tsaya muku. Abin da ke kansa a bayyane yake. Dole ya tsaya gaban mutum shida ya ce laifina ne, ba na hoto ba. Dole ya je gidan Tanimu ya ba iyalinsa haƙuri. Sannan kada a sake karɓar takarda daga hannunsa sai ya bi kowane lungu da ke cikinta da ƙafarsa, a gaban shaida. Tafiyar minti goma ce ya ƙi yi, ya aiki na'ura ta gano masa daga sama, ita kuwa ba ta san bambancin ciyawa da kainuwa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: zuwa da kai ya fi aike.