Farfesan Ɗakin Hoto

Likita na uku ke nan da ya shafa wa Palwasha mai a ciki, ya goga na'ura, ya ce ƙodojinta lafiya lau. Mahaifinta Gul Zaman ya tsaya da takardar sakamakon a barandar wani asibiti a Peshawar. Shekarar yarinyar bakwai, amma jininta ya hau kamar na tsohon da aka cinye wa gona. Jiya har ta suma.

"Kawo in gani, ƙanena," in ji wani dattijo da ya fito daga ɗakin hoto. Duk likitan da ya gifta sai ya ce masa Farfesa, yana murmushi.

Dattijon ya duba takardar, ya ja tsaki. "Aikin Dakta Shahzeb ne? Wannan ko raƙumi ne a cikin yarinya ba zai gan shi ba. Na'urar gogawa ba ta hango ƙananan jijiyoyi. Ta maganaɗisu kuma sai yaro ya kwanta kamar gawa, taka kuwa tamkar ta haɗiyi fara. Ka ce a zura siririyar roba ta cinya, a tura ruwan da ke haska jijiya. In ta ƙoda ce ta tsuke, nan asirinta zai tonu."

"Wa zai saurare ni, yallaɓai? Ni direban babbar mota ne."

"Zauna a ƙofar babbar likita. Ƙarfe goma zan shiga, ba ta iya aiki sai ta gan ni."

Goma daidai dattijon ya tura ƙofar da ƙafa, babu ko ƙwanƙwasawa. Gul Zaman ya jiyo dariya, sannan aka kira sunan Palwasha.

Ranar Alhamis aka zura robar. Wani reshen jijiya a ƙodar hagu ya tsuke kamar zare, aka buɗe shi da ɗan balan-balan. Kafin mako jini ya sauka, Palwasha ta fara faɗa da nas a kan gishiri.

Gul Zaman ya sayo zumar kwarin Swat kwalba biyu, ya tambayi ofishin Farfesa. Mai gadi ya ƙunshe dariya, ya nuna masa ƙarƙashin bene.

Can ya iske dattijon tsugune gaban risho, inda ya shekara talatin yana dafa wa likitocin ɗakin hoto shayi.