Gwangwanin Madara

Na ɗauki kuɗin takalmin auta, na nufi shago in sayo madara.

Albashi ɗaya ke riƙe da mu biyar. Da zare nake yanka sabulu gida huɗu. Madarar gwangwani kuwa sai an yi baƙo. In huda ta da ƙusa, in toshe hujin da tsinken ashana, ta yi mana kwanaki.

Amma kullum da safe sai matar tela ta ajiye kwandon shararta a bakin ƙofa, gwangwanaye uku a sama kamar an jera su a kanti.

"Maƙwabciya, yaran nan sun ƙi ruwan bunu," takan ce. "Ubansu suka gado, bakinsu ya san daɗi."

Nakan yi dariya, abin yana cina a rai. Jiya har na tambayi maigida ko tela ya fi shi hannuwa ne. Ya shanye baƙin shayinsa ya tafi aiki.

Yau a hanyar shago, ina wucewa ta ƙofarta zanina ya kamo kwandon, ya kife. Na durƙusa ina tattarawa kada ta fito ta same ni. Gwangwanayen wankakku ne tas, takardar jikinsu ta koɗe. Na juya na ukun.

Huji ɗaya ne, na ƙusa, da guntun ashanar da ya karye mini a ciki. Wanda na yar wancan watan ne.

Na mayar da shi saman kwandon, na gyara masa zama yadda take so. Sannan na nufi wajen mai takalma.